Ƙyallayen Lamba Bakwai

Yaya, kuɗinmu ya fito! Wallahi ya fito, na riƙe shi da hannuna, na ƙirga sau uku, Baban yarinya ya karɓa ya sake ƙirgawa don bai yarda da lissafina ba. Kuma yarinya ta yi haƙori, guda ɗaya a ƙasa, fari tas, jiya ta gwada shi a jikina sai da na yi ihu. Labari biyu ke nan. Akwai na uku, shi ya sa na aro biro na zauna, don idan a waya ne na san dariya zan yi ta yi in tsallake shi. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Bari in faro miki daga tushe, tunda ba ki taɓa shiga wurin aikin namu ba.

Dogon ɗaki ne, kekunan ɗinki goma sha huɗu a layi biyu, da fanka ɗaya mai juya kai kamar mai gyangyaɗi. Yunifom muke ɗinkawa, na 'yan makaranta, na masu gadi, na ma'aikatan asibiti. Da dozin ake biyanmu. Idan kika gama dozin sai ki kai teburin Mai Yanka da ke bakin ƙofa. Ya duba, ya jawo ragowar yadin da kika ɗinka, ya yanko ƙyalle kamar tafin hannu, ya rubuta lambar kekenki da kwanan wata da biro, ya sa hannu, ya miƙo miki. Ƙarshen wata ki kai ƙyallayenki wurin akawu, ya ƙirga, ya biya ki, ya watsa su a kwandon shara. Ƙyalle ɗaya, dozin ɗaya. Ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta iya wannan lissafin.

Da lambar keke muke kiran juna. Ni ce Lamba Sha Biyu, amma Auta suke ce min don ni ce ƙarama. Akwai Lamba Uku, mai baki kamar reza. Akwai Lamba Tara, mai saurin kuka. Sai Lamba Bakwai, wadda ni nake ce wa Inna.

Shekararta ashirin da biyu a kan keke. Ita ta koya min ɗora kwala ba tare da ta karkace ba. Idonta ya fara rauni, don haka ni nake sa mata zare a allura, ita kuma lokacin da cikina yake sabo ina ta amai, sai ta jawo aikina ta ƙarasa min. Ba ta taɓa kirana Auta ba sai idan na yi laifi. 'Yata take ce min.

To, sai Mai Kamfani ya fara tsallake biya. Wata na farko ya ce makarantu ba su biya shi ba. Na biyu ya ce kuɗinmu yana hanya.

Lamba Uku ta ce, “Ranka ya daɗe, da ƙafa kuɗin yake tahowa? A faɗa mana inda ya kwana mu je mu tarye shi.”

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Muka ci gaba da taka keke, ƙyallaye suna ta taruwa, don babu ranar kai su.

A wata na huɗu Inna ta zo gidana da wata jakar leda mai kauri. Ta ce rufin ɗakinta yana yoyo, jikokinta kuma sun gano jakar suna yi wa 'yartsana riga da ita. “'Yata, ɗakinki a bushe yake. Tura min ƙarƙashin gado.” Daga ranar duk ƙyallen da ta samu ni take ba, in kai in ƙara a ciki.

Wata na biyar, wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Muka leƙa ta taga, babu keke ko ɗaya, sai fankar nan a rataye. Muka tsaya a rana har azahar. Lamba Tara ta ciro nata ƙyallayen daga jaka ta watsa su a kwata, tana kuka tana cewa an ci guminmu an wanke hannu. Babu wadda ta hana ta. Kowa abin da yake ransa ke nan.

Lokacin cikina wata bakwai. Baban yarinya kin san fenti yake yi, ruwan sama kuma ya tsayar da aiki. Ko riga ɗaya ban saya wa abin da ke cikina ba. Akwai wani shago a kan hanyar asibiti da suka rataye bargon jarirai, duk ranar awo sai na tsaya na taɓa shi, har mai shagon ta daina tashi idan ta gan ni.

Wata rana ina shara tsintsiya ta jawo jakar Inna. Na buɗe don in ga ko ɓera ya shiga.

Yaya, da kin ga kyansu. Inna saboda hannunta yana da kyau ita ake ba aikin asibiti da na yara 'yan ƙananan aji. Yadi mai laushi, ruwan hoda, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari mai ɗigo-ɗigo. Nawa kuwa kakin wandon masu gadi ne, mai tauri, ko tukunya ka goge da shi sai ta yi ƙara. Na baza na Inna a kan gado ina jerawa, wai wasa nake. Goma a faɗi, goma sha huɗu a tsawo, ɗari da arba'in cif. Kamar da ma don haka aka yanka su.

Na ce wa kaina ai kuɗin ya mutu. Na ce ai ko Inna aka tambaya cewa za ta yi in ɗauka. Amma ban tambaye ta ba, ga gidanta nan tafiyar minti goma. Kuma ga abin da har yau yake cina: nawa ƙyallayen suna cikin gwangwanin madara, na rufe, na ɗaure da leda, na ɗora a saman kabad. Idan da gaske na yarda kuɗin ya mutu, gadin me nake yi wa nawa?

Na aro keken maƙwabciyata. Waɗanda ba su zo daidai ba na datse gefensu da almakashi. Na haɗa su bargo, na juya rubutun ciki, na yi masa shafi da tsohon zanen gado. Kwana uku na gama. Ban taɓa ɗinka abin da ya kai shi kyau ba.

Na haihu lafiya, wannan kin sani. Matan wurin aiki suka zo barka, Lamba Uku ta ɗaga yarinya ta ce ai wannan a cikin ƙarar keke ta yi ƙashi, 'Yar Dozin ce. Sunan ya bi ta. Ranar na ɓoye bargon a ƙasan akwati, kin ga ashe tun lokacin na san abin da na yi.

Yarinya tana wata biyu Mai Yanka ya aiko mu haɗu a ofishin ƙungiyar ma'aikata. Shi ma ba a biya shi ba, shi ya kai ƙara. Ofishin a saman wani shagon gyaran waya yake, matakala ƙunci, benci biyu, tebur babba, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa saboda takardu. Wadda take taimakon mutane a nan wata siririyar mace ce mai tabarau, Malama muke ce mata. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta karɓar ko kwabo. Ta ce ta gano Mai Kamfani ya buɗe sabon wuri da sabon suna, da kekunan namu. Ta rubuta masa, akawunsa ya amsa cewa littafin biya ya ɓata wurin kwashe kaya, don haka ba su san ko ana binsu ba.

Ta ce, “Ku me kuke da shi a hannu? Takarda, rasit, ko saƙon waya?”

Lamba Uku ta ce, “Tsummokara muke da su, Malama, sai dai in za ki goge tebur.” Ta ciro ɗaya ta jefa mata.

Malama ta ɗauka, ta gyara tabarau, ta juya shi. “Wannan sa hannun wa?”

Mai Yanka ya ce, “Nawa ne.”

“Da kwanan wata, da lambar keke, kuma a kan yadin kamfanin.” Ta ɗago ta dube mu. “Wannan ya fi littafin da ya ɓata. Kowacce ta kawo min nata, ko guda kada ya salwanta.”

Ɗaki ya kaure da murna. Lamba Tara ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Ni kuma sai na yi kamar yarinya nake gyarawa a baya.

Washegari da hantsi Inna ta yi sallama. Ban yi zaton za ta zo da wuri haka ba, yarinya tana kan gado a naɗe cikin bargon. Kafin in motsa Inna ta ɗauke ta ta zauna.

“Ina jakata, 'yata? Ashe wahalarmu ba ta faɗi ƙasa ba.”

Bakina ne ya yi magana, ni ban san lokacin da na shirya ta ba. Na ce, “Inna, wallahi kunya ce ta hana ni faɗa miki. Lokacin da nake asibiti Baban yarinya ya share ɗaki, ya ɗauka shara ce. Ya zubar.”

Babban yatsanta yana shafa bargon, daga wannan ƙyalle zuwa wancan. Ina kallon yatsan nan kamar ina kallon wuƙa.

Ta ce, “To.” Can ta sake cewa, “To. Allah ya sa haka shi ne alheri.”

Ta gyara wa yarinya bargon har wuya, ta kwantar da ita, ta ajiye min sabulu guda biyu da ta zo da su, ta tafi. Na yi ajiyar zuciya, na ce idon Inna ne ya cece ni. Ki ji fa, murna nake da raunin idonta.

Ba a yi kwana uku ba Baban yarinya ya shigo yana huci. Wai Lamba Uku ta tare shi a bakin titi tana ce masa sannu da aiki, sarkin shara, a zo a share mana namu gidan.

“Wace jaka na zubar? Ni da ko tsintsiyar ɗakin nan ban san inda take kwana ba?”

Na nuna masa bargon, na faɗa masa komai. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon 'yarsa.

Ya ce, “Tashi ki je ki faɗa mata.”

Na ce, “Zan je. Bari a ga ko ma za a biya. Idan ba a biya ba, me ya sa zan tona kaina a banza?”

Ya ce, “Ni ba zan ƙaryata ki a waje ba, matata ce ke. Amma ba zan iya gaishe da tsohuwar nan ba.” Daga ranar ya daina bin layinsu, yana zagayawa ta bayan makaranta da bokitin fentinsa.

Wata huɗu aka yi ana abu ɗaya. Malama ta rubuta takarda, a ba mu rana a ofishin hukuma, mu je, Mai Kamfani bai zo ba. A sake ba da rana, ya aiko lauya. Malama ta ce kowacce ta jera ƙyallayenta bisa kwanan wata ta zura su a zare. Inna ba ta da ko ɗaya amma ba ta taɓa fashin zama ba. Ita take taya mutane zurawa. Nawa guda casa'in, ita ta zura min su, ni ina karanta mata kwanan wata ita tana soka allura. Tana yi tana yi wa 'Yar Dozin wasa.

Malama ta yi iya ƙoƙarinta a kan Inna da Lamba Tara. Ta kawo Mai Yanka ya rantse sun yi aikin, mu ma muka ba da shaida. Lauyan ya ce baki ba rasit ba ne. Ƙarshe aka daidaita a kan cewa za a biya duk ƙyallen da rubutunsa ya fito, a ƙirga ranar Alhamis a ofishin Malama, akawun kamfani yana zaune. Ƙarfe huɗu a rufe, bayan nan babu sauran magana.

A makon ne na ji Lamba Uku tana cewa mai gidan hayar Inna ya ba ta wata ɗaya. Shekara goma sha ɗaya tana ɗakin nan. Na dawo gida na ɗauko bargon na riƙe almakashi, yarinya ta motsa, na mayar. Na ce gobe. Goben ma na ce gobe.

Ranar Alhamis na goya yarinya na rufa mata bargon. Ban san dalili ba. Tun da na yi ƙaryar ban taɓa fita da shi ba. Baban yarinya ya dube ni a bakin ƙofa, ya riƙe min gwangwanin har na sa takalmi.

Ofishin ya cika. Akawu yana gefe ɗaya da hatimi, Malama tana ɗaya gefen da takarda, Mai Yanka a tsakiya yana karantawa. Kowane ƙyalle aka yarda da shi sai akawu ya buga masa hatimi, fuskarsa kamar daga aljihunsa za a cire. Aka zo kaina. Casa'in, babu wanda aka ƙi, don ba su taɓa ganin ruwa ba. Mata suka yi tafi. Inna ta fi kowa tafi.

Malama ta karanta, “Lamba Bakwai,” ta ɗaga biro za ta ja layi.

Daidai nan yarinya ta fara kuka. Na kwance ta, Inna ta miƙo hannu kamar kullum, na ba ta ita da bargon. Agogon bango ya nuna uku saura kwata.

Na ce, “Malama, kada ki ja.”

Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Na durƙusa a gaban Inna.

“Inna, ba a zubar ba. Baban yarinya bai taɓa jakarki ba. Ga su nan a hannunki.”

Lamba Uku ta matso, ta ɗaga gefen bargon, ta duba, ta sake shi.

“Ke Auta! Ke Auta! Guminta na wata biyar kike shanya wa fitsari? Ni kuma kika bar ni ina zagin bawan Allah a titi?”

Inna ta ɗaga mata hannu. Ba ta dube ni ba, yarinya take jijjigawa.

Ta ce, “Na sani.”

Na ɗago.

“Tun ranar da na ɗauke ta a kan gadonki. Idona ne ya tsufa, yatsana bai tsufa ba. Wannan na asibiti ne, wannan na 'yan ƙaramin aji ne, wanda zarensa yake tsinkewa. Ni zan manta su?”

“Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Jira nake ki faɗa. Na ce idan na tona ki na samu kuɗi na rasa 'ya. Na ce bari in ba ta mako. Mako ya zama wata.” Sai a lokacin ta dube ni. “Kin daɗe, Auta.”

Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro sabuwar reza a cikin takardarta. “Amma yau da kin yi shiru da na buɗe baki. Mai gidan haya ba ya karɓar kara. Ko kin zo da bargon ko ba ki zo da shi ba, har gidanki zan bi ki.”

Akawu ya duba agogonsa ya ce, “Ni dai ƙarfe huɗu zan tashi.”

Lamba Uku ta ce, “Zauna, ɗan nan. Ba ka taɓa ganin teloli sun farke ɗinki ba?”

Aka karɓi yarinya aka naɗe ta da mayafin Lamba Tara. Aka shimfiɗa bargon a kan teburin Malama. Aka karya rezar biyu, Mai Yanka ya ciro ƙaramin almakashinsa, wasu da allura, wasu da haƙori. Ni ma na sa hannu, ina farkewa ina kuka, don ɗinkin nan da kyau na yi shi, layi biyu-biyu. Lamba Uku tana ja tana mita, wai da haka nake ɗinka wa kamfani da tuni na zama Lamba Ɗaya. Minti ashirin shafi ya fita, ƙyallaye suka rabu.

Sai aka fara juyawa, nan ne na ga aikina. Wata shida ina wanke bargon nan kusan kullum. Wasu rubutun yana nan ras. Wasu ya koɗe ya zama kamar inuwa. Wasu kuma ni na datse sa hannun da almakashi don gefe ya zo daidai.

Akawu ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu. “Wannan ba sa hannu ba ne, tabo ne.”

Malama ta karɓa, ta kai bakin taga, ta ɗaga shi a haske. “Zo ka gani. Mai Yanka danna biro yake yi, ga sawun nan a jikin yadin. Bakwai. Ga wata, ga rana.”

Ya je ya leƙa, ya dawo ya buga hatimi yana tsaki. Haka suka yi ta yi, ƙyalle bayan ƙyalle, Malama tana taga, shi yana musu, Mai Yanka yana rantsuwa. Ban taɓa ganin mutum ya yi faɗa a kan abin wani kamar yadda matar nan ta yi ba, kuma ko sau ɗaya muryarta ba ta tashi ba. Huɗu ta yi, ta wuce da minti goma, akawu ya rufe hatiminsa.

Casa'in da bakwai aka karɓa. Arba'in da uku aka ƙi.

Malama ta tattara waɗanda aka ƙi a ambulan, ta ce za ta sake rubutawa a kansu da kan maganar Lamba Tara, amma kada kowa ya ɗora tukunya a kai. Ni kuwa sai ta miƙo min tsohon zanen gadona a ninke.

A matakala babu wadda ta jira ni. Na goya yarinya da zanen na taho.

Shekaranjiya aka biya. Shi ne kuɗin da na ce miki na ƙirga sau uku. Na saya wa yarinya riga biyu da takalmin da ba ta isa sawa ba, muka biya haya, Baban yarinya har rawa ya yi da ita a tsakar ɗaki. Sannan na ware na dozin arba'in da uku na ajiye a gefe. Kusan rabi ke nan. Na dube shi.

Ya ce, “Ɗauki ki kai mata tun kafin in sake kallonsa. Kuma ki ce ina gaishe ta. Na gaji da zagaye ta bayan makaranta.”

Na same ta a ƙofar ɗakinta tana wa wani wando faci da hannu. Ta biya mai gidan haya, ba za ta tashi ba. Na durƙusa na ajiye kuɗin a gabanta.

Yaya, zan faɗa miki gaskiya tunda na fara. A hanya na riga na shirya yadda za a yi. Za ta ce haba, bar shi, saya wa yarinya madara. Ni in ce a'a. Ita ta ce to mu raba. Har na san abin da zan saya da rabin.

Ta ɗauka, ta tofa yawu a yatsa, ta ƙirga a hankali har ƙarshe. Ta sake ƙirgawa. Ta ƙulle a bakin zane.

Ta ce, “Ya cika.”

Na ji zafi. Sai kuma na ji kunyar zafin da na ji, don kuɗinta ne, idonta ta ƙarar a kansa.

Ta sa jikarta ta kawo min ruwa. Ta tambayi Baban yarinya, ta ce in ba shi haƙuri a kan Lamba Uku. Maman yarinya take ta ce min. Na kasa kunne har na tashi, ba ta ce 'yata ba ko sau ɗaya.

Na kai bakin ƙofa sai ta ce, “Da me take kwana yanzu?”

Na ce, “Da tawul ɗin babanta.”

Ta yi tsaki. Ta jawo wani kwano daga bayan ƙofa. Ƙyallayen ne, casa'in da bakwai, kowanne da hatiminsa, Malama ta mayar mata bayan an biya.

“Ba za su kai tsawon na da ba. Ki zo ranar Asabar da zanen gadon nan. Ni zan haɗa, ɗinkinki ya cika tauri. Ke ki sa min zare a allura.”

Na ce to. Na so in ƙara magana, ta riga ta mayar da kanta kan facin.

Na sayi zare fari da shuɗi, ban san wanda za ta so ba. Lamba Uku har yanzu idan na gaishe ta sai ta ce in riƙe gaisuwata kada in ɗinke ta. Lamba Tara ba ta samu komai ba, mun yi mata karo-karo, na ba da abin da na iya.

Yaya, ke kin girme ni, kin fi ni sanin mutane. Idan na je ranar Asabar in sake ba ta haƙuri, ko in yi shiru in sa zaren kawai? Ki ba ni amsa kafin ranar. Ga 'Yar Dozin nan ta farka, ta kama gefen takardar tana neman kai wa haƙorin nata.